Daga Bompai Zuwa Garuruwan Abokai: Ko Ya Dace Ɗan Fansho Ya Kama Hanya Shi Kaɗai?

Bompai da Sharaɗa da Challawa su ne manyan unguwannin masana'antu na Kano. Bompai, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Nassarawa, ita ce ta fari, domin tun kafin samun 'yancin kai a 1960 aka fara kafa injina a cikinta. Sharaɗa da Challawa sun bunƙasa ne daga baya, bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur kuma ya shigo hannun gwamnati da 'yan kasuwa a shekarun 1970. A waɗannan wurare aka yi masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na alewa da na man gyaɗa da na sabulu da na kwanuka, har da na haɗa keken Raleigh. A zamanin ne Kano ta san masaƙu irin su Bagauda ta Alhaji Isyaku Rabi'u da Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi.

Yawancin waɗanda suka tsaya a gaban waɗannan injina ba 'yan birni ba ne. Wani masani ɗan Amurka, Paul Lubeck, wanda ya yi nazarin leburorin masana'antun Kano ya kuma fitar da littafi a kansu a 1986, ya nuna cewa da yawansu daga karkara suka fito, kuma almajirci ne ya fara kawo wasunsu birni. Sun zo daga Gaya da Ringim da Haɗeja da Gumel da Daura da Funtuwa da Gusau, wasu daga Damagaram da Maraɗi. Tare da su akwai Barebari da Tibi da Idoma da Ibo da Yarbawa. Masu aiki a Bompai suka kama haya a Tudun Wada da Gama da Birged da Dakata da Kawaji, na Sharaɗa a Ja'en da Sheka, na Challawa a Panshekara da kewayenta.

Daga 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada. Wutar lantarki ta ƙi tsayawa, baƙin mai ya yi wuya, atamfar waje mai araha ta cika Kantin Kwari. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya a Kano da Kaduna, inda masaƙar KTL ta tsaya a 2002, ta UNTL kuma a 2007. Rikice-rikicen 1991 da 2004 da harin 20 ga Janairun 2012, wanda ya shafi hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai, sun ƙara korar wasu baƙi zuwa garuruwansu. Wayar hannu ta GSM kuwa sai a 2001 ta shigo Najeriya, kuma ta ɗauki shekaru kafin ta kai hannun lebura. Ke nan dubban mutane sun rabu da abokan aikinsu ba tare da sun karɓi lambar juna ba. Abin da kowa ya riƙe shi ne sunan garin ɗan'uwansa.

Yau waɗannan mutane sun kai shekara sittin zuwa tamanin. Kaɗan daga cikinsu ne suka yi ritaya irin ta ma'aikacin gwamnati, wadda ake yi a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki. Mafi yawa sallamarsu aka yi da kamfani ya durƙushe, wasu ko haƙƙinsu ba a biya ba. Duk da haka, a cikin waɗanda Allah ya rufa wa asiri, tsofaffin sufabaiza da akawu da injiniyoyi da waɗanda 'ya'yansu suka kawo ƙarfi, akan sami wanda zai wayi gari ya ce zai ɗauki motarsa ko jakarsa ya bi garuruwan tsofaffin abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai, ba biki ba ta'aziyya. Da zarar ya faɗi haka gida yakan rabu biyu, majalisa ma haka.

Masu goyon bayan tafiyar suna farawa ne da irin abotar da ake magana a kanta. Ba ta jini ba ce, ba ta unguwa ba ce, ba kuma ta makaranta ba ce. Mutum biyu ne da suka shekara ashirin a sashe ɗaya, cikin ƙarar da ba a jin magana sai da hannu da ido, wannan ya karɓi wancan aiki ƙarfe shida na safe, wancan ya karɓe shi ƙarfe goma na dare. Mai shayi ɗaya suke ci wa bashi a bakin get, adashi ɗaya suke zubawa, tare suka tsaya a rana lokacin yajin aiki. Ranar da inji ya cinye yatsun wani, su suka ɗauke shi zuwa asibiti, su suka je suka gaya wa iyalinsa. Dangi suna da abin da ke tara su ko ba su yi niyya ba: suna, ɗaurin aure, rasuwa, rabon gado. Abokin aiki ba shi da ko ɗaya. In ya rasu a wani ƙauye bayan Malam Madori, ba wanda zai tuna ya sanar da mutumin da suka yi aikin dare tare a 1984, domin 'ya'yansa ma ba su san da shi ba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, to wannan zumuncin in mai shi bai taka da ƙafarsa ba, babu wani da zai taka masa.

Wanda ya isa garin abokinsa bayan shekara ashirin da biyar, a kan suna yake fara yin tuntuɓe. A kamfani da laƙabi aka san mutum, ko da sunan garinsu, ko da injin da yake kai. A garinsu kuwa ya zama liman, ko mai unguwa, ko Baban wane. Sai baƙo ya tsaya a majalisar dattawa ta ƙofar masallaci ya ce yana neman wanda ya taɓa aikin masaƙa a Kano, a yi ta lissafi, sannan a haɗa shi da yaro ya raka shi. In aka yi sallama maigida ya fito ya ƙura masa ido ya gane shi, abin da yake fara fita daga bakinsa shi ne, “Mutumina, lafiya dai?” A ƙasar Hausa ba kasafai namiji ke doguwar tafiya haka kawai ba, in ba gaisuwar mutuwa ba ce, to biki ne, ko neman wani abu. Sai baƙo ya ce, “Lafiya lau, ganinka kawai na zo yi.” Ga tsohon da ya ɗauka duniya ta manta da shi tun ranar da aka rufe get, wannan amsa ta fi duk tsarabar da ke cikin jakar.

Addini yana bayan masu wannan ra'ayi. A cikin hadisan da Imam Muslim ya ruwaito akwai labarin mutumin da ya tafi wani gari ziyarar ɗan'uwansa ba don wata bukata ba sai don yana ƙaunarsa saboda Allah, aka aiko mala'ika ya tare shi a hanya da albishir ɗin cewa Allah na ƙaunarsa. Shari'a kuma ta sauƙaƙa wa matafiyi: a mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, kimanin kilomita 80, tana ba da damar yin ƙasaru, muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Akwai kuma wani abu da dattawa ke ambata a hankali. Shekaru ashirin na zaman tare ba sa rasa bashin da ba a biya ba, zubin adashin da aka gudu da shi lokacin da kamfani ya rufe, shaidar da aka bayar gaban manaja ta jawo wa wani kora. Wanda ya ga furfura ta cika kansa yana so ya warware waɗannan tun yana da rai, kuma neman gafara irin wannan ba a yin ta a waya, ba a kuma yin ta gaban ɗan rakiya.

Binciken likitoci ma ya zo daidai da wannan. A 2010 wata masaniya a Amurka, Julianne Holt-Lunstad, da abokan aikinta sun tattara sakamakon bincike 148, suka gano cewa masu ƙaƙƙarfar hulɗa da jama'a sun fi waɗanda ba su da ita damar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin ɗari. Ingila ta naɗa ministar da za ta kula da matsalar kaɗaici a 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta kafa kwamiti a kan lamarin a 2023. Wasu za su ce wannan ciwon Turawa ne, tunda tsohon Bahaushe yana cikin 'ya'ya da jikoki da masallacin unguwa. Amma cikar gida ba ta nufin samun abokin hira. Tsohon ma'aikaci yana iya wuni cikin mutum talatin, kowa na gaishe shi da ladabi, babu ko ɗaya da ya san abin da yake nufi in ya ambaci jiniyar tashi daga aiki ko ƙurar auduga da ke cika hanci. Tsaransa ne kaɗai ke iya kiransa da laƙabinsa na samartaka su yi masa tsiya ya yi dariya.

Sauran tambaya ita ce, me ya sa sai shi kaɗai? Masu goyon baya suna da amsa mai ƙarfi. In ya tafi da iyali, ziyara ta koma baƙunta mai nauyi, sai an nemi ɗaki, sai an yanka kaza. In ɗansa ne ya tuƙa shi, ɗan yana da ofis ko shago, tun la'asar zai fara duba agogo yana cewa, “Baba, dare zai yi mana.” In aka ce a haɗu mutum huɗu a tafi, wannan ba lafiya, wancan yana jiran fansho, na ukun zai aurar da 'ya, a haka shekara za ta zagayo, wanda za a je gani ya riga mu gidan gaskiya. Ban da haka, mutumin da ya shekara talatin yana ba da umarni a kan ma'aikata ɗari, yanzu kuma ko kasuwa zai je sai an ce ya zauna a aiki yaro, yana da bukatar ya yanke wa kansa shawara ko da sau ɗaya, ya tsaya inda ya ga dama, ya kwana inda ya ga dama.

Masu adawa da tafiyar, waɗanda galibi matan gida ne da 'ya'ya, ba su musanta ko ɗaya daga cikin wannan ba. Maganarsu a kan hanya take. Arewar da waɗannan dattawa suka sani suna samari, wadda mutum zai tashi daga Kano bayan isha'i ya wayi gari a Sakkwato, ba ita ce ta yau ba. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Tsafe, da ta Kaduna zuwa Birnin Gwari, da ta Katsina zuwa Jibiya, da ta Damaturu zuwa Maiduguri, duk sun yi ƙaurin suna wajen tare matafiya. Jirgin ƙasa ma bai tsira ba, domin a ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga sun kai wa na Abuja zuwa Kaduna hari, suka kashe wasu suka kwashe wasu zuwa daji na tsawon watanni. Dattijo mai farar riga shi kaɗai cikin motar gida kamannin mai kuɗi gare shi a idon ɗan ta'adda, ko da abin da ke aljihunsa bai wuce kuɗin mai ba. In aka ɗauke shi, mai ciwon suga ko hawan jini ba ya jure mako biyu a daji ba magani. Kuɗin fansa kuwa daga gidan da ya gina da giratutinsa zai fito, wanda sau da yawa shi ne kaɗai abin da zai bar wa magada. Wannan hujja ba ta tsoro ba ce kawai. Iyalin da suka kawo ta haƙƙinsu suke karewa.

Ko a hanyar da babu ɗan bindiga, akwai hatsarin mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan tituna duk shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi yawan mace-mace in aka kwatanta da yawan jama'arta. Titin Kano zuwa Zariya da Kaduna ya shafe shekaru ana aikinsa daga 2018, ana karkatar da motoci su haɗu a hannu ɗaya da tireloli da tankokin mai. Tuƙi a irin wannan hanya yana son ido mai kyau da kunne mai ji da ƙafa mai saurin taka birki, waɗannan kuwa su ne shekaru ke fara taɓawa. Tsohon ma'aikacin masaƙa ma nasa ya fi, domin ƙarar injin saƙa ta riga ta rage wa da yawansu ji tun suna da ƙarfinsu, ƙurar auduga ta bar wa wasu ciwon ƙirji. Yanar ido tana shigowa sannu a hankali ba tare da mai ita ya ankara ba, sai ranar da fitilar babbar mota ta haske shi da magariba ya daina ganin gefen titi. Mai shan maganin suga da ya jinkirta cin abinci saboda yana son ya kai Zariya yana iya jin jiri a kan sitiyari. Ko fashewar taya, wadda saurayi zai canja cikin minti ashirin, babban al'amari ce ga ɗan shekara saba'in da zai durƙusa yana kokawa da noti a zafin watan Afrilu, lokacin da awon zafi ke haura 40.

Sai batun kuɗi. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, farashin hukuma bai kai naira 200 a lita ba. Zuwa ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000. Kano zuwa Kaduna da dawowa ya fi kilomita 400. Motar da ke cin lita ɗaya a kilomita goma za ta sha sama da lita 40, wato sama da naira 40,000 a wancan farashi, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Ba a sa tsaraba ba, ba a sa gyaran mota ba. Dokar fansho ta 2004, wadda aka yi wa gyara a 2014, ta zo ne bayan an riga an sallami da yawa daga waɗannan ma'aikata, don haka ba su da asusun da ake zuba musu komai duk wata. In uwargida ta ce kuɗin nan ya fi dacewa da buhun masara ko kuɗin makarantar jika, ba wanda zai ce ta yi rowa.

Akwai wata hujja da ba a cika faɗa ba, alhali ta fi sauran zurfi, wato halin wanda za a je wa. Mai iya ɗaukar mota ya zaga garuruwa yana cikin 'yan ƙalilan da suka fita da rufin asiri. Abokin da zai tarar mai yiwuwa ne ya koma noman da bai ishe shi ci ba, ko gadi, ko yana kwance shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi. Kunya ba za ta bar shi ya bar baƙon Kano ya ci tuwon da gidan ke ci ba. Zai aika a ciyo bashin shinkafa da nama, baƙo ya tafi yana murna, maigida ya yi wata yana biya. Wani kuma ganin tsohon tsaransa cikin mota da shadda yana tayar masa da miki, ya tuna tare aka ɗauke su aiki. Akwai wanda za a tarar ya rasu shekara uku da suka wuce, da wanda tsufa ya ruɗa har ba ya gane 'ya'yansa balle abokin aiki. Mai irin wannan tafiya shi kaɗai zai hau mota da abin da ya gani, babu wanda zai gaya wa har ya isa gari na gaba.

Masu adawa su ma suna da nassinsu. Bukhari ya ruwaito gargaɗin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan mutum ya yi tafiyar dare shi kaɗai, Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito hadisin da ya nuna sai matafiya sun kai uku suke zama ayari. Tarihin ƙasar Hausa ma haka ya tafi. Fataken da ke zuwa Gwanja saro goro ba ɗaiɗai suke fita ba. Ayari suke yi, da madugu da jagaba, su san zangon da za su sauka da fatoman da zai karɓe su. Alhazan da suka bi ta Sudan a ƙafa su ma a ƙungiya suka tafi. Sai dai malamai da dama sun bayyana cewa dalilin hanin shi ne hatsarin da ke tattare da daji da dare da rashin mataimaki, don haka hanyar da mutane ke kai da kawo a kanta da rana hukuncinta daban ne. In aka ɗauki wannan bayani, nassin bai rufe ƙofa ba, ya dai raba hanyoyi biyu, kuma Arewar yau tana da kowane iri. Titin Kano zuwa Wudil da hantsi ba dokar daji ba ne. Wasu hanyoyin Zamfara kuwa, ko da tsakar rana, sun koma irin abin da aka yi gargaɗi a kansa.

Mata ma sun yi aiki a kamfanonin alewa da na roba, amma muhawarar ba ta cika shafarsu ba. Ga batun muharrami, ga kuma cewa su ba su taɓa yanke zumunci yadda maza ke yi ba. Biki da suna suna haɗa su, kuma ƙungiya suke tafiya. Masu abokai a Maraɗi ko Damagaram kuwa suna da ƙarin abin dubawa. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025. Ƙetarawa da motar gida na bukatar takardu da haƙurin tsayawa a shingaye, abin da ya fi sauƙi ga wanda ya shiga motar haya da katin shaidarsa kawai.

In aka auna hujjojin biyu za a ga ba wuri ɗaya suke duka ba. Kusan duk abin da masu goyon baya suka kawo a kan ziyarar yake da kuma zuwa ba tare da 'yan rakiya ba. Kusan duk abin da masu adawa suka kawo a kan riƙe sitiyari yake da kuma wasu hanyoyi sanannu. Ana iya samun na farko ba tare da an ɗauki na biyu ba. Dattijon da ya je tashar Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa ko 'Yan Kaba ko Mariri da sassafe ya shiga motar haya ya tafi ba ɗan rakiya, amma yana cikin mutane. In jiri ya ɗebe shi akwai mai riƙe shi, in taya ta fashe akwai direba da yaronsa, direban kuma ya fi shi sanin inda aka tare hanya jiya. Motar haya tana da nata aibin, lodi fiye da ƙima da gudun wuce sa'a, amma wanda ya biya kuɗin kujerun gaba biyu ya miƙe ƙafarsa, har yanzu bai kashe kuɗin man motar gida ba. Layin dogo na zamani daga Kano zuwa Maraɗi da na Kano zuwa Kaduna, waɗanda aka ƙaddamar da aikinsu a 2021, za su sauƙaƙa wannan in an gama su, sai dai ɗan shekara saba'in ba shi da lokacin jiran jirgi.

Wayar hannu, wadda masu adawa ke cewa ta wadatar, amfaninta na gaskiya shi ne share fagen tafiyar. Da ita ake gano ko abokin yana raye, ko yana gari, ko gidansa na cikin halin karɓar baƙo. Da ita matafiyi zai riƙa sanar da gida duk inda ya sauka. Amma tsohon da kunnensa ya yi nauyi ba ya wuce gaisuwa a waya, kuma ba ya faɗin cewa ba shi da kuɗin magani. Sai wanda ya zauna a tabarmarsa ya ga kwalin maganin da ya ƙare a gefen matashi zai sani.

Nauyin da ake ɗora wa mai masauki ma yana da magani, kuma al'ada ta riga ta tanade shi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, tsakanin Oktoba da Nuwamba, an gama aikin gona, hatsi ya shigo rumbu, ruwa ya ɗauke daga hanya, hazo bai sauko ya rufe gani ba. Kwana ɗaya ko biyu ya isa, tunda shari'a ma kwana uku ta ƙayyade haƙƙin baƙo. Tsaraba ta zama abin da gida zai amfana da shi, sukari da ganyen shayi da sabulu da turmin atamfa na uwargida, kuɗin cefane kuma a ba yaro ya kai cikin gida ba tare da maigida ya gani ba. Mai hali ya bar babbar riga a Kano ya sa irin kayan da abokinsa zai iya sawa.

Saboda haka ra'ayin masu goyon baya ne ya fi rinjaye, amma da sharaɗi. Ya kamata a yi tafiyar, kuma a yi ta a shekarun farko na barin aiki, tun ƙafa na ɗaukar mai ita, tun waɗanda za a je wa suna gane fuska. Wanda ya dage sai ya tuƙa kansa, ya fara zuwa a auna idonsa da jininsa da sugansa, asibitocin ido kuwa ba su yi wa Kano ƙaranci ba. Ya kai motarsa wurin bakanike, ya tsaya a tafiyar da ba ta wuce awa biyu ko uku ba, irin ta Gaya ko Dutse ko Kazaure ko Gumel, ya fita bayan gari ya waye ya kuma sauka kafin la'asar sakaliya. Wanda ya cika waɗannan, bai dace 'ya'yansa su ɓoye masa makullin mota ba. Abin da ya fi musu shi ne su cika masa tanki su sa masa kati a waya. Tafiyar da ta fi haka nisa ta motar haya ce, kuma a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a ranar, domin labarin makon jiya ba ya aiki. Wanda abokinsa ke Tsafe ko Birnin Gwari ko wani gari da hanyarsa ke hannun 'yan bindiga kuwa, kada ya je. Ya aika masa da abin da ya sawwaƙa, su yi magana a waya, in shi abokin yana da dalilin fitowa wata rana, su haɗu a Zariya ko a Kano.